Yatsun Kawu Na-Kwance

Kawu Na-Kwance bai samu laƙabinsa a banza ba. Shekara talatin yana su, amma ko matarsa ba ta taɓa ganin guminsa ba. Sauran masunta na jifa da ragar birgi har kafaɗa ta sage, shi kuwa sai ya kafa turaku, ya ɗaure ragarsa cikin ruwa, ya koma inuwa ya rufe fuska da hula. Yakan ce kifin da ke son ganinsa ya san hanya.

Kifin bai cika zuwa ba. Ciyawa ragar ke tarawa, da tsofaffin silifa, da 'yan kifayen da ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci.

Matarsa ce ke saƙa masa raga. Da ta gaji da ƙulle-ƙulle, sai ta saƙa wata mai manyan idanu, kowane ido yatsunsa huɗu na shiga. Kawu ya yi mita, ya ce wannan ko akuya ta ratsa. Ta ce ga zare nan, ya saƙa da kansa. Sai ya ɗauka ya kafa.

Da hantsi ya ɗago. Tarkace da ƙananan kifi sun wuce abinsu, ga tarwaɗa da karfasa manya sun maƙale. Daga nan ya shiga dabara, duk don gudun wahala. Ya karkata ragar ta daina tare ruwa kai tsaye, don kada igiya ta tsinke a tashe shi gyara. Ya ɗaura gorunan roba a sama, dalma a ƙasa, ta tsaya cak ba sai ya shiga ruwa ba. Ran da yake hutu ya shanya ta, sai ga shi ta fi ta kowa ƙarko.

Wani ma'aikacin kula da kamun kifi ya zo da littafi, ya tambaye shi inda ya samo wannan ilimi. Kawu ya ce a mafarki.

"Gaskiya ya faɗa," in ji matar. "Ai nan ne wurin aikinsa."

Masunta suka yi taro, suka tsayar da doka: idon raga kada ya gaza yatsun Kawu huɗu. Yanzu ya tsufa ya rame, yatsun sun sirance, aka fara gardama ko awon ya ragu. Ya ce maganin na hannunsu, duk mai son doka ta ɗore ya riƙa kawo masa babban kifi ya murmure. Suna zaginsa, suna kawowa.