Shinkafar da Ban Rege Ba

Ku matso, 'ya'yana, ku ba ni kunnuwanku. Akwai ranar da ba zan manta ba har a sa ni a ƙasa.

Wata shekara aka kafa sansanin horar da kuratan soja a dajin da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, aka ɗauke mu mata fuɗu mu riƙa dafa musu abinci. Shinkafar fadamarmu kun san ta, sai an rege ta a ƙwarya sannan tsakuwa ke fita. Da fari ina regewa. Da bayana ya fara ciwo sai na bari. Na ce wa abokan aikina, “Soja ne fa, ko dutse aka ba su za su tauna.” Muka yi dariya. Allah ya yafe mini dariyar nan.

Ran nan da azahar aka raba abinci, ba wanda ya kai loma ta biyu baki. Kuratan suka jera kwanoni a ƙofar madafa, suna bugun su da cokali. Wani dogo daga cikinsu ya tako gabana, ya buɗe tafin hannunsa cike da tsakuwa, har da guntun haƙorinsa.

Ya ce, “Inna, don Allah, in ɗanki na, kya ba shi wagga?”

Kafin in amsa sai ga babban hafsansu. Ya daka tsawa, wuri ya yi tsit. Ya dube ni ya ce, “Baba, ke ce mai tukunya. An rege shinkafar nan ko ba a rege ba?”

Na ji tsoron a kore ni a ji a gari. Na ce, “Ranka ya daɗe, sau biyu nir rege ta.”

Dogon nan bai ƙaryata ni ba. Kallona kawai ya yi, ya sunkuyar da kai. Aka sa shi gwale-gwale cikin rana har la'asar, washegari aka sallame shi a kan shi ya tayar da bore.

Daga baya hafsan an yi masa canjin wuri. Abokan aikina biyu sun rasu, ɗayar tana Sanyinna wurin jikokinta. Ni na gama aikina lafiya, har aka yaba mini. Dogon kuwa na ji an ce ya koma noma a garinsu, ban san wane gari ba balle in je neman gafara. In an tambaye ku gaskiya alhali wuyan wani na hannunku, ku faɗe ta a lokacin, don ni na bari sai da mai yafe mini ya tafi.