Gwanin Faɗuwa

Mikami Naoyuki ya yi shekara goma sha ɗaya a Tokyo ana kayar da shi. Ya tafi jami'a da burin zama zakaran kokawar judo, sai malamansa suka lura ba shi da zafin kai hari, amma babu wanda ya iya faɗuwa kamarsa. Haka ya zama abokin atisayen manyan 'yan wasa. Su ɗaga shi su maka da ƙasa sau ɗari a yini, ya tashi ya gyara ɗamara, ya sake miƙa musu wuyan riga. Ranar gasa shi ne mai riƙon jaka.

Da gwiwarsa ta gaza, ya dawo garinmu na bakin teku a Aomori. Ni nake kai kananzir gidaje lokacin sanyi, kuma yawancin labarin nan a bakin tankinsa na ji shi, yana tsaye da hannu cikin aljihu.

Ya buɗe ajin yara a wani tsohon ɗakin ajiyar tuffa. Sai dai garinmu tsofaffi sun fi yara yawa. Ya fara da huɗu, suka koma biyu. Ya ce mini a lokacin kunyar fita kasuwa yake ji.

Ana haka Kasai Tsuya ta shigo masa. Shekararta saba'in da tara, ta tsufa tana shanyar kifi. A sanyin da ya wuce ta zame kan ƙanƙara a ƙofar gidanta ta karya hannu, ɗanta Hiromu da ke birnin Sendai ya ce in ta sake faɗuwa ta bar gidan nan ke nan, ta koma wurinsa. Ita kuwa a gidan ta haife shi, a nan mijinta ya rasu.

"An ce kai ne gwanin faɗuwa," in ji ta.

"Haka aka ce, Iya."

"To ni ma ina faɗuwa, sai dai ban iya ba. Koya mini."

Daga kwance ya fara da ita. Haɓa a ƙirji, kada ƙeya ta bugu. Kada a tare ƙasa da tafin hannu. A lanƙwasa baya, a mari tabarma da dukan hannu, a mirgina gefe, a tashi ta gwiwa. Wata biyu kafin ya bar ta ta faɗi daga tsaye. Ta jawo ƙawayenta har suka kai sha huɗu, kowacce ta gaya wa 'ya'yanta shan shayi take zuwa, domin a wurinmu tsoho ya gwammace ya kwana da ciwo da ya ɗora wa ɗansa damuwa.

Ba su raga masa ba. "Malam, yaushe ne auren? Ko 'yan matan ma kayar da kai suke yi?"

A sanyi na biyu ya ga hannun Tsuya ya yi baƙi daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu.

"Iya, wannan fa?"

"A ƙofar ɗakin wanka na zame. Haɓa a ƙirji, kamar yadda ka ce, ko haƙorina bai motsa ba. Ka ga wani abu?"

"Na gani."

"To ka daina gani."

Bayan kwana biyu Hiromu ya buga masa waya, wata maƙwabciya ta tsegunta masa. "Malam, tsakaninka da gaskiya, mahaifiyata ta faɗi?"

Mikami ya auna maganar. In ya ce a'a, ya yi wa ɗa ƙarya a kan uwarsa. In ya ce e, ya raba tsohuwa da gidanta.

"Ta faɗi," ya ce. "Kuma za ta sake, ko a nan ko a Sendai. Ka zo ranar Asabar ka ga yadda take yi, sannan ka yanke."

Hiromu ya zo, ya zauna bakin ƙofa bai ko cire rigar sanyi ba. Tsuya ta tsaya tsakiyar tabarma ba ta dubi malaminta ba. Mikami ya ɗan tura kafaɗarta, ta tafi da baya, ɗanta ya rufe ido. Sai ƙarar marin tabarma. Ta mirgina, ta dafa gwiwa, ta miƙe da kanta. Sau uku ta yi.

"Ya isa, Inna," in ji Hiromu.

"Zo ka gwada, kai da wannan tumbin. Mu ga wa za a ɗauka."

Bai gwada ba. Ya kwana biyu yana kafa mata ƙarafan dafawa a ɗakin wanka, ya ce ta zauna har ƙanƙara ta narke, sai su sake magana. Da ta narke suka yi maganar, aka ƙara mata shekara guda a gidanta.

Wata guda Tsuya tana zuwa aji, ta rusuna wa tabarma, ta ƙi rusuna wa malam. Shi kuwa ya ci gaba da koya mata. Yanzu ta shiga tamanin da biyu, kuma jiya na kai mata kananzir a gidanta. Ta ba ni busasshen kifi a ƙunshe.

"Kai wa magulmacin can," ta ce. "Ka ce masa gishirin ya yi yawa, shi ya sa na ba shi."