Awarwaron da ya tona min asiri

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zai kwashe ranar da ƙanwata ta fara zuwa aiki kasuwar Dantokpa ba. Makauniya ce tun haihuwa, ni na raine ta bayan rasuwar innarmu, kuma Allah ya sani ina sonta kamar raina. Ni ce idonta, ni ce bakinta, ko tambayarta aka yi ni ke amsawa.

Da ta gama koyon tafiya da sanda da gane yadi da hannu a wata cibiya a unguwar Gbégamey, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta yarda ta gwada ta. Sharaɗinta ɗaya ne, ta riƙa zuwa ita kaɗai.

Na ce na yarda, amma a baki ne. Tana fita daga Zongo na ja mayafi na bi ta a baya, ina laɓe-laɓe kamar ɓarauniyar kaza. 'Yan zemi, masu baburan haya, na ta wucewa fuu, ita kuwa ko a jikinta. Mai amalanke ya taho a guje, kafin in buɗe baki ta riga ta kauce.

A shago Hajiya ta tambaye ta, "'Yata, ke kaɗai kika zo?"

"A'a, Hajiya. Yayata tana bayan ƙofa. Tun daga gida nake jin awarwaronta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ma'aikaciya ɗaya nake nema, ba biyu ba. Gobe ce damarta ta ƙarshe."

A hanya ƙanwata ba ta yi min faɗa ba, shi ya fi yi min ciwo. Washegari da safe sai ta jawo turmi ta ajiye a gabana.

"Yaya, yajinmu ya ƙare. Ki yi ta daka har in fita layi, in ji kina gida."

Na yi ta daka ina hawaye, ina cewa maƙwabta barkono ne. Yau shekarunta ke nan a shagon, har ita ke buɗewa. Ranar na gane ita ta daɗe da koyon tafiya, ni ce ban koyi zama ba. Wanda kake so, wani lokacin sakin hannunsa shi ne taimakon.