Jan Kwaɗon Baba Dakata

Ƙarfe shida da rabi yana ƙofar kamfani. Ko shayin safe a tsaye yake sha, matarsa ta yi mita har ta gaji. Kafin ma'aikata su gama sa hular kwano ya zagaye injin niƙa dutse sau biyu, ya taɓa bel ɗin da ke juya shi, ya girgiza ƙarfen matattakala. Baba Dakata ake ce masa, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Shi ne wakilin ƙungiyar ƙwadago mai sa ido kan haɗurra, jibi kuma zai ajiye aiki.

Shekara goma sha tara da suka wuce dutse ya maƙale, ƙaninsa ya shiga cikin injin don ya zaro shi. Wani sabon ma'aikaci, sati biyu da ɗauka, ya ga inji shiru, ya ɗauka mantuwa aka yi, ya danna makunni. Abin da aka fito da shi ba ya faɗuwa.

Baba bai zagi kowa ba. Da aka tashi makoki ya sayo jan kwaɗo. Duk mai shiga inji, sai Baba ya garƙame makunnin da kwaɗon ya jefa masa makulli a aljihu. Manaja huɗu suka zo suka tafi, kowa da ƙorafin ɓata lokaci. Na ukun har ya sa aka datse kwaɗon.

"Ranka ya daɗe, wani na nan a aljihuna," in ji Baba. "Dozin na sayo."

Kwana tara ma'aikata na zaune a ƙasa suna yajin aiki kafin a rubuta dokar kwaɗon a bango.

Kai ne, Baba, duk shekara kake sa a kashe inji na minti goma sha biyar, ka jera huluna bakwai na waɗanda aiki ya ci, ka kira sunan kowa da na 'ya'yansa. Ta ƙaninka ce ta ƙarshe, kuma har yau ba a ƙara ta takwas ba.

Amma satin nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Mutum uku ya miƙa wa kwaɗon, kowa ya noƙe, don an san mai riƙe shi ba ya ganin ƙarin girma. Tsoro yake ji, kuma bai ɓoye ba.

"In na fita, wata biyu za a yi a manta," ya ce wa matarsa.

Jiya da hantsi sai ga wancan sabon ma'aikacin, yanzu da furfura a gemu. Shekara goma sha tara bai taɓa haɗa ido da Baba ba. Ya miƙo hannun dama.

"Baba, hannun da ya danna ke nan. In za ka yarda da shi."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya sa masa kwaɗon a tafi, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Wa ya fi ka sanin nauyinsa?"

Mun gode, Baba Dakata. Allah Ya ba ka hutu, in har ka iya hutun. Ku kuma da ke tsaye gaban makunni a ko'ina, ku leƙa ciki tukuna. Wataƙila ƙanin wani ne a can.