Sati Uku da Aka Bar Mini Tautau

Matata ma'aikaciyar binciken ƙwari ce a wata hukumar noma a nan Abuja, ni kuwa ko kyankyaso ne ya gifta sai na ɗage ƙafa. Haka Allah ya haɗa mu. Muna zaune lafiya a gidanmu na Garki har ranar da aka mayar da wata abokiyar aikinta Legas, ta bar mata wani gizo-gizo mai gashi, girmansa ya kusa tafin hannuna. Sunansa na boko tarantula. Matata ta sha gaya mini cewa mace ce, kuma ba ta haɗa dangi da tautau ɗin garinmu ba, amma ni tautau na ci gaba da kiranta.

A ƙaramin ɗakin da muke ajiye littattafai aka sauke ta, cikin akwatin gilashi mai ƙasa a ciki, da ɓawon itace inda take ɓuya, da ɗan kwanon ruwa. Abincinta gyare ne. Wani mutum a Mararaba ke kiwonsu saboda masu tsuntsaye, can matata take sayowa, ta zuba su a bokiti mai hudojin iska, da dusa a ƙasa da kwalin ƙwai a sama. Ni dai tsakanina da ɗakin nan sai in miƙa hannu daga bakin ƙofa in zaro littafi.

Ana tsakiyar damina aka tura matata kwas na sati uku. Ta rubuta mini ƙa'idoji ta manna a jikin firij. Gyare ɗaya a sati. Washegari a sa hantsaki a cire abin da ya rage. A cika kwanon ruwa, kada a jiƙa ƙasa. Ta tambaye ni ko zan iya, na ce ai ni mutum ashirin nake kula da su a ofis. Ta ce su ashirin ɗin ba wanda yake da ƙafa takwas.

Ranar farko na ɗaga murfin kaɗan, na wurga gyare, na rufe. Kafin in ƙifta ido ta cafke shi. Wannan saurin ya sa na yanke hukunci cewa yunwa ake bar ta da ita, na ƙara mata. Bayan kwana biyu na sake ƙarawa. Maganar hantsaki kuwa, sai hannu ya shiga cikin akwatin, don haka na ɗage ta zuwa gobe, goben kuma ba ta zo ba. Ruwa daga sama nake tsiyayawa da buta, rabi a kwano rabi a ƙasa. Su ma gyaren na tausaya musu, kullum dusa gaya, na riƙa jefa musu ɓawon kankana.

A kwana na goma sha biyu na ga wata farar ƙura a jikin gilashin. Na ɗauko tsumma zan goge, sai na ga ƙurar tana tafiya. Na sa tabarau na duba sosai. Wasu ƙananan halittu ne farare, ba su kai ƙwayar gishiri ba, sun yi dandazo a bakin kwanon ruwa da kan ragowar gyaren. Kaɗan ma sun hau kusa da bakin tautau ɗin. Ban kira matata ba. Na shiga waya ina bincike. Wasu suka ce ba komai ba ne, wasu suka ce in fara neman wata.

Ranar Asabar mahaifiyata ta iso daga Zariya don ganin likitan ido. Tana cin abinci tana kallona ina shiga ɗakin nan ina fita. A karo na huɗu ta ajiye cokali ta ce in faɗa mata abin da na ɓoye a ciki. Na yi ta kewaye-kewaye, ta tashi ta tura ƙofar da kanta. Na zaci za ta yi salati ta nemi motar komawa gida. Sai ta durƙusa, ta kai fuskarta dab da gilashin, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ita wannan ce matar taka take kiwo? To ai ƙuma ta cinye ta."

Ta tambayi abin da take ci, na nuna bokitin. Tana buɗewa wani tsami ya bugo mu. Dusar ta dunƙule, samanta yana motsi. Inna ta ce duk macen da ta taɓa ajiye dusar kaji da damina ta san wannan, danshi ne ke kawo su. Daga nan suke maƙalewa a jikin gyaren, ni kuma ina ɗaukarsu da hannuna ina kai su sabon gida mai ruwa da abinci. Na ce bari in ɗauko maganin sauro in fesa a huta. Ta juyo ta dube ni da idon da ba shi da ciwon.

"In ka fesa, ita tautau ɗin takarda za ka ba ta ta nuna wa maganin ya ƙyale ta?"

Ita ta sa na kira matata a bidiyo. Matata ta gaishe da Inna cikin ladabi, ta saurari bayani. Ta ce waɗannan ba masu shan jini ba ne, ragowar abinci suke bi, amma in suka yi yawa suna takura wa dabbar. A mayar da ita wata roba mai busasshiyar takarda da ruwan sha kawai. A zubar da ƙasar duka, a wanke akwatin da ruwan zafi, a shanya. Akwai sabuwar ƙasa a buhu saman kabad. Na jikin tautau ɗin kuma a ƙyale su, in suka rasa danshi za su sauka da kansu.

Sai aka zo kan wanda zai fito da ita. Inna ba ta ko tambaye ni ba. Ta karɓi robar, ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, ta kwantar da robar a gaban tautau ɗin, ta riƙa taɓa ƙafarta ta baya a hankali tana lallashinta da irin muryar da take tayar da kaza daga kan ƙwai. Ita kuwa ta taka a nutse ta shige. Ni aka ba ni aikin riƙe ƙofa, kuma na riƙe ta da kyau, ta waje.

Gyaren da dusarsu Inna ta juye wa kajin maƙwabta a bayan gida. Shanya ce ta zama tawa. Rana a Abuja cikin watan Agusta leƙowa take yi ta koma, don haka kwana uku ina fitar da akwatin baranda ina shigo da shi da gudu. Sati guda tautau ta yi a roba kafin Inna ta mayar da ita ɗakinta.

Da matata ta dawo, ta gaisa da Inna, ta wuce ɗakin littattafai da madubin ƙara girma a hannu. Ta jima a ciki. Ta fito ta ce saura 'yan kaɗan, su ma ba za su daɗe ba, ta yi wa Inna godiya har da rusunawa. Sannan ta juyo ta ce, "Oga, gyare nawa ka ba ta?"

Na ce kamar dai yadda aka rubuta, da ɗan ƙari.

Inna tana ɗiga maganin ido, ba ta ko kallo mu ba. "Ni dai kawuna tara na kwashe," in ji ta.

Tun daga lokacin aka sauke ni daga ciyarwa. Wankin bokitin gyare aka ba ni, duk Asabar, kuma sai an duba ya bushe kafin a karɓa.