Mai Tsintsiyar da Ya Daina Jin Kira

Ranar Talata, 9 ga Maris 2004, na fara haɗuwa da Malam Sada. Na dawo daga ofis cin abincin rana, na tarar da shi tsugune a zaurena, kekensa jingine a waje, an lafta masa tsintsiyar kaba da ta laushi da burushin wanke bayi. Ciniki yake yi da matata Kubura, ita tana daga ciki.

Mutumin Baure ne da ya zauna a Daura. Da yake namiji ne, ba ya shiga gidaje, don haka bai san fuskar masu sayen kayansa ba. Da murya ya san su. Yakan tura keke a hankali cikin lungu yana kasa kunne. Mace na ƙwala "Mai tsintsiya!" daga tsakar gida, sai ya tsaya daidai ƙofarta.

"Hajiya Kubura, ta laushin ta ƙare ke nan?"

"Wa ya ce maka ni ce?"

"Duk lungun nan ke kaɗai ke kira kamar gobara ta tashi."

A 2019 Kubura ta fara ƙorafi. Sau uku cikin wata guda tana kiransa yana wucewa. Maƙwabta ma haka. Aka yanke cewa ya samu gidajen masu tayil, ya raina mu. Matan lungun suka koma sayen ta roba daga kasuwa.

Ranar 2 ga Nuwamba na hango shi, na yi masa magana daga baya, bai waiwayo ba sai da na dafa kafaɗarsa.

"Malam Sada, me matan nan suka yi maka?"

Ya zuba wa bakina ido. "Akawu, ai ni zan tambaye ka. Sun daina kirana."

Ashe kunnensa ne ke mutuwa, shi kuwa ya zaci lungun ne ya yi shiru. Kubura ta bi gida-gida tana bayani, aka dawo da kira da ƙarfi, amma ba ya ji. Ya gwada tsayawa kowace ƙofa yana sallama. Ba ya jin amsa, kuma ba zai leƙa ba.

A Janairun 2021 ya sayar da keken, ya koma Baure wurin ƙanensa. Ya rasu da daminar 2023. Kubura ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.