Dillalin da Hajiya ta Hana Sakat

Shekarar da surukata ta zo Landan jinyar gwiwa, muna zaune a wani flat, wato sashen gidan bene, mai ɗaki biyu a bayan titin Old Kent Road, wanda muka saya da ƙyar da jiɓin goshi. Tun shigarmu dillalan gidaje suka sa mu gaba. Da rana tsaka wayar falo za ta yi ƙara, ka ɗauka ka ji murya mai zaƙi tana tambaya ko kana tunanin sayarwa, wai akwai mai sayen da ya ƙwallafa rai a kan layinku. Ni kuwa aikin rediyo nake yi, yawanci na safe, in dawo in miƙe, barci na fara daɗi su kira. Akwai wanda na ce wa ba ni da niyyar sayarwa, ya tambaye ni yaushe nake ganin zan fara niyyar.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin rajistar hana kira. Kana sa lambarka, bayan 'yan makonni doka ta hana masu talla kiranka, sai fa in kai ka ba su izini. Kamfanin da ya karya a ci shi tara. A ranar na yi register, na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Ashe duk ranar da nake aikin rana, matata tana asibitin da take aiki, yara suna makaranta, surukata Hajiya ce ke ɗaukar wayar. Turancinta bai wuce na godiya da amsa gaisuwa ba, don haka da Hausa take tarbar su. Ta tambaye su kwana, ta tambayi sanyi, ta tambayi iyali. Mafi yawansu kashewa suke yi. Wasu kuma, da yake an hore su kada su katse mai gida, sai su tsaya har ta kai ƙarshen gaisuwar. Jikokinta suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar mata, maƙwabta kuwa ko a matakala aka haɗu murmushi ne kawai. Waɗannan dillalai su ne baƙinta.

Da wayar ta yi tsit, ni na sami barci, ita ta shiga damuwa. Muna cin tuwo wata ranar Lahadi ta tambayi 'yarta ko wayar ta lalace ne, don mutanen nan masu gaishe ta sun ɗauke ƙafa, ko ta yi musu wani laifi ne ba ta sani ba. Matata ta dube ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin tuwona. Ba ni da bakin da zan gaya wa suruka cewa ni na kori baƙinta da hukuma.

Ana nan, wata Asabar da hantsi aka danna ƙararrawa. Na buɗe na ga wani baƙin mutum ƙaƙƙarfa, ya ba arba'in baya, cikin kwat, riƙe da na'urar awon ɗaki. Kafin in haɗa Turancin kora ya yi mini sallama.

"Na zo wajen Hajiya," in ji shi. "Shi ne ya ce in zo in ga gida."

Daga jin ya mayar da Hajiya namiji na gane Hausar zangon Ghana ce. Ɗan Kumasi ne, kuma dillalin gidaje a wani ofishi da ke bakin titi. Ya ce kafin rajistarmu ta fara aiki ya kira lambar, sai ya ji an ce masa ina wuni, saura kaɗan wayar ta suɓuce masa. Suka sha hira. Daga baya na'urar ofishinsu ta rufe lambar, ba halin ya sake kira. Hajiya da ta ji shiru sai ta sa 'yata ƙarama ta lalubo mata lambarsa a cikin wayar, ta kira shi da kanta. Ya yi mata bayanin dokar, ta ce ita dai ba ta hana kowa gaishe ta ba, ta ba shi izini, kuma ya zo ya ga gida. Ita zumunci take nufi. Shi kuma ya yi booking, wato ya sa ranar zuwa yi wa gida kuɗi.

Tunda ya riga ya zo, sai na bar shi ya auna. Yana awo Hajiya tana biye da shi da sandarta tana nuna masa inda bango ke tsatsafo da ruwa da tagar da ba ta rufuwa, duk abin da mai sayarwa zai ɓoye. Da ya gama aka zuba masa tuwo da miyar kuka, ya cire kwat ya zauna a ƙasa ya yi masa cin ƙoshi.

A nan ya ba ni nasu ɓangaren. Da, in ji shi, wuni yake yi a kujera yana kira ana zaginsa. Yanzu lambobi da yawa sun rufu, sai dai su bi gida-gida suna zura takardar talla ta ramin ƙofa. Zagin ya ragu, amma ƙafa ta karɓi aikin baki. Hajiya na jin haka ta ɗauko masa man zafinta.

Daga ranar sai abin ya juya. Kullum ta idar da sallar azahar, Hajiya ta kira ofishinsu. In ba ya nan ta gaisa da wanda ya ɗauka, har wata Baturiya mai amsa waya ta iya cewa lafiya lau. Wata rana muka haɗu da shi a tashar bas, ya ja ni gefe.

"Yallaɓai, kai ɗan jarida ne. Ba a yi irin rajistar nan domin mu dillalai ba?"

Na ce iya binciken da na yi, ba a yi ba.

Bai daɗe yana kuka ba. A wajen gashin gwiwa Hajiya ta haɗu da wata mata 'yar Kaduna da ke neman flat na haya domin 'ya'yanta masu karatu a Bloomsbury, ta tura ta wurinsa. Matar ta turo ƙanwarta, ƙanwar ta turo wasu. Manajan ofishin dillalin ya ce ko ana tsakiyar taro ne Hajiya ta kira, a haɗa ta.

Da gwiwar ta yi sauƙi ta tashi komawa Kano, dillalin ne ya kai mu filin jirgi da motarsa. A hanya ta ce masa tana da fili a bayan gari da take son sayarwa, ya nemo mata mai saye daga nan, Bature ma ba laifi in yana da mutunci. Ya ce to, ya karɓi hoton filin. Na leƙa na gani: ƙasa ce ja, da bishiyar darbejiya ɗaya, da awakin wani suna kwance a inuwarta.